Giris ɗin Silikon: Ko Zai Iya Maye Gurbin Giris Mai Tare Lantarki?

Duk wanda ya lura da agwagwa a cikin kududdufi ya san ruwa ba ya kama gashinta. Dalili kuwa shi ne, baya ga tsarin gashin, akwai wani maiƙo da take tatsowa daga gindin wutsiyarta tana shafawa. Irin wannan kariya ce kanikawa ke nema wa mahaɗar wayoyi, da kan batir, da hular fulogi, domin da zarar danshi ya shiga, sai tsatsa ta biyo baya, mota ta ƙi tashi.

Man da aka tanada don wannan aiki shi ne giris mai tare lantarki. To, idan ba a same shi ba, ko giris ɗin silikon na masu gyaran famfo zai wadatar? Amsar ita ce, galibi zai wadatar, domin kusan abu ɗaya ne. Suna na farko yana bayyana aikin man ne, na biyu kuma abin da aka yi shi da shi. Dukkansu man silikon ne da aka kaurara da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi.

Masanin kimiyyar sinadarai na Ingila, Frederic Kipping, shi ya raɗa sunan silikon a 1901. Kamfanin Dow Corning na Amurka, wanda aka kafa a 1943, ya fara ne da irin wannan giris, wanda ya kare wayoyin injin jiragen sama daga danshi a Yaƙin Duniya na Biyu. Man yana jure zafin da ya kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya kumbura robar da giris ɗin man fetur ke lalatawa.

Mai karatu zai iya tambaya: man da ba ya ɗaukar lantarki, ashe ba zai yanke wuta ba? Ba zai yanke ba muddin mahaɗar ta matse sosai, saboda ƙarfe yana ture man gefe ya taɓa ɗan'uwansa, man kuma ya toshe kafofin da ruwa zai bi.

Sai dai akwai wuraren hattara. Kada a shafa shi cikin makunnin da ke yin tartsatsi, domin zafin yana mayar da shi silika, ta rufe fuskar ƙarfen. Kada a sa shi a kan robar silikon, don tana tsotse shi ta kumbura. Haka kuma, kada a ɗauke shi daidai da silikon ɗin liƙe gilashi. Wannan daskarewa yake yi, kuma mai warin tsami daga cikinsa yana cin jan ƙarfe. Giris ɗin da aka gauraya da garin ƙarfe kuwa yana iya haɗa wayoyi biyu ya jawo gobara.

Saboda haka, a karanta abin da aka rubuta a jikin mazubin kafin a saya. In silikon ne zalla, a shafa kaɗan, ya isa.