Harshen Gida da Bin Kadin Mahukunta a Ƙasar Ruwanda

Bayan kisan kiyashin da aka yi a ƙasar Ruwanda cikin 1994, inda aka hallaka mutum wajen 800,000, galibinsu 'yan ƙabilar Tutsi, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kotu a Arusha ta ƙasar Tanzaniya. Amma da Ingilishi da Faransanci kotun ta yi aiki, alhali kuwa kusan duk mutanen Ruwanda harshe guda suke ji, watau Kinyaruwanda. Saboda haka talakan ƙauye sai abin da tafinta ya gaya masa.

Cikin 2002 gwamnati ta farfaɗo da kotunan gargajiya da ake kira Gacaca, inda ake zama a bainar jama'a ana shari'a da harshen gida. Kafin a rufe su cikin 2012 sun saurari ƙara kusan miliyan 2. Haka kuma tun daga 2006 shugabannin gundumomi ke sa hannu a takardar alkawarin aiki mai suna Imihigo a gaban shugaban ƙasa, shekara ta kewayo a auna abin da suka cika.

Sai dai fa harshe kaɗai ba ya tsare gaskiya. Da wannan Kinyaruwandan ne gidan rediyon RTLM ya zuga masu kisa. Kotunan Gacaca kuwa ba su tuhumi sojojin RPF da suka kama mulki ba, ko da yake ana zarginsu da kisan ramuwar gayya. Talaka ya ji shari'a da harshensa, amma akwai ƙarar da aka hana shi shigarwa.