Mutanen da Suka Yi Musayar Gari Sukutum

Wanda ya bar Baku, babban birnin Azarbaijan, ya miƙe yamma kan hanyar Shamaki, bayan tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya zai ga ƙasa ta fara tashi. Tuddai ne marasa itatuwa, wannan na bin wancan, ciyawarsu kore shar bayan sanyi ya wuce, sannan ta bushe ƙayau idan zafi ya kankama. A cikinsu ƙauyen Kerkenj yake. Mazaunansa Musulmi ne Azarbaijanawa, masu kiwon shanu da tumaki. Sai dai tsofaffin gidajen garin ba su suka gina ba, kuma waɗanda ke kwance a tsohuwar maƙabartarsa ba kakanninsu ba ne. Dattawan garin a wani wuri aka yanke musu cibiya, can arewacin Armeniya dab da iyakar Jojiya, a ƙauyen da ake kira Kizil Shafak a zamanin Tarayyar Sobiyet.

Wancan ƙauye yana nan, an sauya masa suna zuwa Dzyunashogh. Waɗanda suka tare a cikinsa Armeniyawa ne Kiristoci, yawancinsu haifaffun Kerkenj. A shekarar 1989 jama'ar garuruwan biyu suka yi abin da ba kasafai ake jin irinsa ba, suka yi musayar gari da gari, gida da gida, lambu da lambu. Ba gwamnati ce ta tsara musu ba. Su suka nemi juna, suka zauna, suka yi ciniki, suka ƙulla sharuɗɗa.

Abin da ya kai su ga haka sananne ne. A watan Fabrairun 1988 majalisar yankin Nagorno-Karabak, wanda ke cikin Azarbaijan amma yawancin mutanensa Armeniyawa ne, ta nemi a haɗe yankin da Armeniya. Kafin watan ya ƙare aka far wa Armeniyawa a birnin Sumgayit, aka zubar da jini. Zuwa ƙarshen shekarar wuta ta kama ɓangarorin biyu, ana korar Azarbaijanawa daga ƙauyukan Armeniya, ana korar Armeniyawa daga garuruwan Azarbaijan. Ƙidayar 1979 ta nuna Azarbaijanawa kimanin 160,000 a Armeniya, da Armeniyawa kimanin 475,000 a Azarbaijan. Cikin 'yan shekaru kusan duka suka tashi, in ban da na Karabak. Ana cikin wannan hali girgizar ƙasar Spitak ta auku ranar 7 ga Disamban 1988, ta ci rayuka kusan 25,000, a yankin nan na arewacin Armeniya. Hukuma ta shagala, Mosko ta yi nisa, ƙauye ba shi da kowa sai Allah sai kansa.

Mutanen Kizil Shafak sun ga yadda sauran 'yan'uwansu suka tashi. Kowane magidanci ya kwashi abin da hannunsa ya kai gare shi, wannan ya raɓe a ɗakin kwanan ɗalibai a Baku, wancan ya sauka wajen dangi a wani lardi, gari guda ya tarwatse cikin mako. Su sai suka ƙi. Suka sa masu gadi da dare, suka mayar da al'amuran garin hannun dattawa da shugaban gonar gwamnati ta garin, wadda ake kira sofkoz, suka tsayar da magana cewa idan tashi ya zama dole, to tare za su tashi, wuri ɗaya za su sauka. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san dalili. Al'adar gari tana wajen tsohuwar da ta san wa ya haifi wa, da mutumin da ake aika wa idan an yi rasuwa, da mawaƙin da ake gayyata biki, da gidajen da ake auratayya da su tun kaka da kakanni. Idan aka raba waɗannan mutane kowa zai rayu, amma garin ya mutu. Tsintsiya ce, amfaninta a maɗaurinta yake.

Sai aka tura wakilai Azarbaijan su nemo garin Armeniyawa da ke shirin tashi. A Kerkenj suka tarar da mutanen da ke cikin irin halinsu, su ma barci rabi da rabi suke yi, su ma ba sa son warwatsewa. Fahimtar juna ba ta yi wuya ba, domin Armeniyawan wannan yanki sun iya harshen Azarbaijan, ga kuma Rashanci da ake koya a makaranta. Daga baya wakilan Kerkenj su ma suka je suka gane wa idonsu Kizil Shafak.

A dokar Sobiyet ƙasa ta gwamnati ce, babu mai sayar da gona. Abin da mutumin ƙauye ya mallaka shi ne gidansa, da ikon noma ɗan filin da ke jikinsa. Musayar muhalli kuwa ba baƙon abu ba ne, mutanen birane sun saba musayar ɗakunan gwamnati idan aiki ko aure ya sauya musu gari. Ta wannan ƙofa aka shiga. Kowane iyali ya nemi takwaransa, a duba girman gida da abin da ke tare da shi, a daidaita. Da yake Kizil Shafak ya fi Kerkenj yawan gidaje, ba kowa ya samu takwara ba, wasu da Armeniyawan Baku suka yi tasu musayar. Shi ya sa cikin waɗanda suka sauka a Kizil Shafak har da 'yan birni waɗanda ba su san kiwo ba.

Sharaɗi mafi girma bai shafi gini ba. Kowane ɓangare ya ɗauki alƙawarin kula da maƙabartar ɗayan, da karɓar duk wanda ya zo ziyarar kabarin iyayensa. Gida ana musayarsa, saniya ana sayar da ita, mamaci ne kaɗai ba ya tashi. Shekaru saba'in na mulkin gurguzu sun rufe masallatai da majami'u masu yawa, amma ba su raba mutanen wannan yanki da al'adun makoki ba. Azarbaijanawa suna taruwa ranar uku da bakwai da arba'in da cikar shekara, kusan yadda aka saba a ƙasar Hausa, a ciyar da jama'a sadaka ga mamaci, kuma suna ziyartar kaburbura ranar Alhamis da gab da bikin Nauruz. Armeniyawa su ma suna da bakwai da arba'in, kuma washegarin kowane ɗaya daga manyan bukukuwan cocinsu guda biyar rana ce ta tunawa da matattu, a je maƙabarta da turaren wuta. Saboda haka da maganar kaburbura ta taso, babu wanda ya tsaya yi wa wani bayani. Kowa ya san nauyin abin da ake ba shi amana, domin irinsa yake bayarwa.

Daga watan Mayu zuwa Agustan 1989 aka yi ta jigilar kaya da iyali. Tunda ba rana ɗaya aka tashi ba, an ɗauki lokaci ƙabilun biyu suna zaune tare a garuruwan, mai tafiya bai gama ɗaure kaya ba mai zuwa ya iso. Watanni biyar bayan an kammala, a Janairun 1990, aka far wa sauran Armeniyawan Baku, ƙofar irin wannan sulhu ta rufe.

Daga nan ne labarin ya daina daɗi, kuma a nan ya kamata duk mai sha'awar musayar ƙasa ya tsaya ya duba da kyau. Shamaki, tsohuwar fadar sarakunan Shirwan, wadda Kerkenj ke yankinta, ƙasar inabi ce. Akwai ma wani baƙin inabi da ake kira Madrasa, wanda ya ci sunan wani ƙauyen yankin. Mutanen Kerkenj na asali da inabi suka tashi, sun san lokacin datse reshe da ɗaure kuringa da tsinka. Waɗanda suka gaje su makiyaya ne na kan tudu mai sanyi, gwanayen madara da man shanu da cuku, domin gundumar Kalinino da suka baro, wadda yanzu ake kira Tashir, da cuku aka san ta. Suka tarar da zafin da ba su saba ba da sana'ar da ba su gada ba. Tun kafin su iso ma gonakin inabin Azarbaijan sun sha sara a yaƙin da shugaban Sobiyet Gorbachev ya ƙaddamar kan barasa a 1985, sannan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta tafi da sofkoz da kasuwarta. Sai mutanen suka koma ga abin da suka sani, wato kiwo.

Na Dzyunashogh sun fi jin jiki. Mutumin da ya girma cikin gonar inabi ya wayi gari a inda dusar ƙanƙara ke toshe hanya, hunturu ya ƙi ƙarewa, rayuwa duka ta rataya kan ciyawar da aka yanka aka tara a 'yan watannin ɗumi. A ƙauyukan kan tudu irin wannan, wanda bai tara ingirici ba shanunsa ba za su ga ƙarshen sanyi ba, wanda bai tanadi makamashi ba iyalinsa za su kwana suna rawar ɗari. Abin da ƙasar ke bayarwa da yalwa shi ne ciyawa da dankalin turawa. Ga shi sun iso a mafi munin lokaci. Yankin bai farfaɗo daga girgizar ƙasa ba yaƙin Karabak ya ɓarke, aka toshe bututun gas da layin dogo, Armeniya ta yi shekarun da suka biyo bayan 1991 cikin duhu da sanyi. Iyalai da yawa suka sake ɗaure kaya, wasu zuwa birane, wasu zuwa Rasha. Jama'ar da ta yi musaya domin kada ta watse, sai talauci ya zo yana zare ta gida bayan gida.

Duk da haka alƙawarin ya tsaya. Masu bincike uku, Sevil Huseynova da Sergey Rumyantsev daga Azarbaijan, da Arsen Hakobyan daga Armeniya, sun zauna da mutanen garuruwan biyu kusan shekaru ashirin bayan ƙaurar, suka rubuta littafi a kansu. Sun tarar da maƙabartun biyu suna nan, ana kula da su. Da yake iyakar ƙasashen a rufe take, Jojiya ce mahaɗa. A can ƙabilun biyu suna zaune kusa da juna, kuma a kasuwar Sadakhlo ta kan iyaka 'yan kasuwarsu sun yi shekaru suna ciniki alhali gwamnatocinsu ba sa ga maciji. Ta hannun masu bi ta Jojiya mutanen ƙauyukan suka riƙa aika wa juna bidiyon maƙabartu, domin na can su ga kaburburan iyayensu ba a taɓa su ba.

Sai an dubi abin da ya faru a wasu wurare ake gane girman wannan. Tsohuwar maƙabartar Armeniyawa ta Julfa a yankin Nakhchivan na Azarbaijan, mai dubban sassaƙaƙƙun duwatsu na ɗaruruwan shekaru, an share ta ƙaf zuwa 2006. Birnin Agdam na Azarbaijanawa, bayan ya faɗa hannun dakarun Armeniyawa a 1993, ya zama kufai, maƙabartunsa ma ba su tsira ba. A wuraren nan akwai sojoji da hukumomi da dokoki. A Kerkenj da Dzyunashogh babu komai sai bakin da manoma suka ba juna.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos daga 2001, mutane sun sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu sun yi musaya, har Kogin Kaduna ya koma tamkar iyaka, Musulmi suka fi taruwa a arewacinsa, Kiristoci a kudu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai kira musayar Kerkenj nasara ba. Kora ce, ko da an yi ta cikin mutunci, kuma abin da ya mutu a cikinta shi ne zaman tare na ƙarnoni. Amma ina ganin akwai abin da suka fi mu. Tamu ƙaurar galibi ɗai-ɗai aka yi ta, kowa ta kansa yake. Su kuwa jama'a ce ta zauna da jama'a, ta lissafa abin da ba za ta iya ɗauka ba, ta damƙa shi a hannun wadda za ta gaje ta.

Manya ma sun gwada tunanin musaya, amma a kan taswira. A 1992 wani masani Ba'amurke, Paul Goble, ya kawo shawarar a bar wa Armeniya Karabak da hanyar da za ta sada su, a ba Azarbaijan yankin Meghri na Armeniya wanda zai haɗa ta da Nakhchivan. Shugabannin ƙasashen biyu na lokacin, Robert Kocharyan da Heydar Aliyev, sun tattauna wani abu mai kama da haka a 1999, bai kai ko'ina ba. Shawara ce da aka zana daga sama a kan garuruwan wasu, kuma da labarinta ya fita, jama'a a ƙasashen biyu suka yi tir da ita.

Yaƙin kwana 44 na 2020, da tashin Armeniyawa fiye da 100,000 daga Karabak a Satumban 2023, sun ƙara zurfafa ramin da ke tsakani. Dattawan da suka yi musafaha a 1989 suna ta ƙarewa. Yaron da aka haifa a Kerkenj bayan ƙaurar yau ya haura talatin, bai yi maƙwabtaka da Ba'armeniye ba, kuma rubutun da ke jikin duwatsun da mahaifinsa ya ce ya kula da su ba haruffan da ya koya a makaranta ba ne. Takwaransa na Dzyunashogh ya tashi cikin garin da gidajensa da yawa ke kulle, nauyin da gari guda ya ɗauka ya koma wuyan iyalai ƙalilan. A watan Agustan 2025 Firaministan Armeniya Nikol Pashinyan da Shugaban Azarbaijan Ilham Aliyev sun sa hannu a Washington kan sanarwar zaman lafiya da buɗe hanyoyi. Idan iyakar ta buɗe da gaske, rabin alƙawarin da yaƙi ya tauye, wato zuwa ziyara ƙafa da ƙafa, shi ne zai zo gwaji, kuma 'ya'ya da jikoki ne za su tarbi baƙin.