Mor Bibi: Matar da Ta Riƙe Jam'iyya Ranar da Aka Kwashe Maza

A watan Fabrairun 1975 bam ya tashi a Jami'ar Peshawar da ke Pakistan, ya hallaka Hayat Sherpao, ɗan gaban goshin Firayim Minista Zulfikar Ali Bhutto a lardin da Peshawar take. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta haramta jam'iyyar adawa ta NAP, ta tasa ƙeyar shugabanta Abdul Wali Khan da manyan muƙarrabansa zuwa kurkuku, daga baya aka gurfanar da su a wata kotu ta musamman a Hyderabad. Lissafin Bhutto shi ne, idan aka sare kai, gangar jiki za ta faɗi da kanta. Abin da ya manta da shi a lissafin nan shi ne matar Wali Khan, Begum Nasim Wali Khan.

Sai mutum ya san ƙasar Pashtun kafin ya gane nauyin abin da ta yi. Pashtun al'umma ce da ke zaune a ɓangarorin biyu na iyakar Pakistan da Afganistan, masu tsananin riƙo da kunya da tsare mutuncin gida. Zauren da maza ke taruwa, wanda suke kira hujra, ba wurin mace ba ne. Haka ma jirga, majalisar dattawa mai yanke hukunci. A irin wannan wuri ne matar aure, surukar babban gida, ta yafa mayafinta, ta hau mumbari gaban dubban maza, ta riƙa caccakar gwamnati da harshen Pashto.

Amma fa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An haife ta a Mardan cikin shekarun 1930, mahaifinta Amir Muhammad Khan kuwa ɗan ƙungiyar Khudai Khidmatgar ne, wato masu yi wa Allah hidima, waɗanda aka sani da jajayen riguna, suka yi wa Turawan Ingila turjiya ba tare da ɗaukar makami ba. Wanda ya kafa ƙungiyar, Khan Abdul Ghaffar Khan, da ake yi wa laƙabi da Bacha Khan, shi ne ya zama surukinta a 1954 da ta auri ɗansa Wali Khan. Ta tarar da ɗan miji, Asfandyar, wanda mahaifiyarsa ta rasu tun yana jariri. Mai karatu ya riƙe wannan suna.

Da aka rufe NAP, sai ta shiga sabuwar jam'iyyar NDP tare da Sherbaz Khan Mazari, ta tattaro magoya bayan mijinta da suka watse. A zaɓen Maris 1977 jam'iyyu tara suka haɗa kai don kayar da Bhutto, tana cikin jagororinsu. Tsarin mulkin 1973 ya ware wa mata kujeru 10 a Majalisar Ƙasa, waɗanda ba sai mace ta fita rumfar zaɓe neman ƙuri'ar talaka ba. Ita ba ta bi ta nan ba. Ta tsaya takarar kujerar kowa da kowa, ta kara da maza, ta ci, ta zama mace ta farko da ta yi hakan a Majalisar Ƙasa ta Pakistan. Abin takaici, ba ta ko yi rantsuwar kama aiki ba, domin 'yan adawa sun ce an tafka maguɗi, suka ƙaurace wa majalisar. Zanga-zangar da ta biyo baya ta ƙare da juyin mulkin Janar Ziya'ul Haƙ a watan Yulin shekarar. Har yau masu sukarta na cewa ƙawancen da ta shiga ne ya share wa soja hanya, kuma wannan zargi ba a rasa gaskiya a cikinsa ba.

Da mijinta ya fito, da yawa sun zaci za ta koma cikin gida. Ina! A ƙarƙashin jam'iyyar ANP da aka kafa a 1986, ta ci kujerar majalisar lardi daga Charsadda a 1988, ta kuma maimaita. Bayan Wali Khan ya sha kaye a 1990 ya janye daga takara, ita ce ke juya akalar jam'iyyar a lardin. 'Yan jam'iyya masu jajayen huluna suna kiranta Mor Bibi. "Mor" da Pashto uwa ke nan. Ta tsaya kai da fata wajen ƙin gina madatsar ruwa ta Kalabagh, da kuma neman a daina kiran lardinsu da sunan da Turawa suka laƙaba masa, Lardin Iyakar Arewa Maso Yamma, sunan da ba ya nuna ko su waye mazauna wurin. A kan wannan batu na suna jam'iyyarta ta raba gari da Firayim Ministan lokacin, Nawaz Sharif, a 1998. Sai a 2010 lardin ya zama Khyber Pakhtunkhwa, lokacin ita tana gefe.

Wa ya ture ta? Ba Bhutto ba, ba soja ba. A 2005 jam'iyyar, ƙarƙashin Asfandyar ɗin nan, ta sauke ta daga shugabancin lardi. Mijinta ya rasu a 2006, ɗanta Sangeen ya bi shi a 2008. A 2014 ta yunƙura ta kafa nata ɓangare mai suna ANP-Wali, amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Daga baya aka sasanta. A ganina, nan ne raunin irin wannan siyasa yake: ƙofar gidan da ta shigar da ita fagen, ita ce ta juyo ta rufe ta, duk da cewa jam'iyyar ba ta da wanda ya fi ta iya jan taro a ranar wuya.

Ta rasu ranar 16 ga Mayu, 2021, aka binne ta a Wali Bagh da ke Charsadda.