Nasiha ga Mai Niyyar Sayen Babbar Kyamara Marar Madubi

Tun da sana'ar ɗaukar hoto ta bunƙasa a garuruwanmu, har ya zamana ba a ɗaurin aure ko suna ko saukar Alƙur'ani ba tare da an ga samari rataye da kyamara suna kai da komo ba, maganar da ta fi yawa a bakin ma'abota wannan sana'a ita ce ta kyamarorin nan marasa madubi masu cikakken faranti, waɗanda 'yan kasuwa ke kira ful-firem. Da yake kuɗinsu miliyoyin naira ne, kuma akasarin masu marmarinsu falalarsu kaɗai suke ji daga bakin mai sayarwa, wanda ba al'adarsa ba ce ya kushe hajarsa, ya zama wajibi a bayyana wa jama'a haƙiƙanin al'amarinsu, domin wanda zai saya ya saya bisa basira, wanda kuma bai buƙace su ba ya huta da cin bashi.

A tsohuwar kyamara, wadda ake kira DSLR, akwai madubi a karkace a cikinta, shi ke tare hasken da ya shigo ta gilashi ya tura shi sama zuwa idon mai ɗauka, in an danna kuma ya yi tsalle ya kauce domin haske ya isa farantin da ke kama hoto, wato sensa. Sabuwar kuwa an cire mata wannan madubi ɗungum, haske na sauka kan farantin a kowane lokaci, abin da mutum ke gani in ya kanga ido kuma ɗan ƙaramin allo ne irin na talabijin. Faɗin cikakken farantin milimita 36 ne, tsayinsa 24, awon da aka gada daga fim ɗin da kyamarar Leica ta Oskar Barnack ta yaɗa a duniya tun 1925, kuma ya ninka na matsakaitan kyamarori fiye da sau biyu. Panasonic ne ya fara fito da marar madubi a 2008, da ƙaramin faranti; Sony ya kawo mai cikakken faranti, A7, a 2013; Nikon da Canon, waɗanda suka daɗe suna jan ƙafa, suka bi sahu a 2018.

Fa'idarta ta farko, wadda babu mai jayayya a kanta, ita ce aiki a ƙarancin haske, domin gwargwadon girman faranti gwargwadon hasken da yake tarawa. Saboda haka a zaure bayan magariba, ko a ɗakin amarya da ƙwai ɗaya ke ci, tana fitar da fuska tas a inda ƙaramar kyamara za ta cika hoto da tsaki-tsaki. Amma abin da na fi ganin ƙimarsa shi ne mai ɗauka yana ganin hoton yadda zai fito tun kafin ya danna. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dattijo baƙin mutum cikin farar babbar riga da tsakar rana ya san mas'alar: in ka gyara don fuska, rigar ta ƙone har ba a ganin aikin aska takwas da ke ƙirjinta, in ka gyara don riga, fuskar ta dushe. A da sai an ɗauka an duba an sake, alhali dattijon ya gaji da tsayuwa. Yanzu kuwa yatsa na kan maɓalli ido na ganin canjin. Haka nan tana gane idon mutum ta bi shi duk inda ya juya, ta bi mahayi a hawan salla yana sukuwa, yawancinsu kuma farantinsu na motsi da kansa ya rama rawar hannu. Tana iya aiki shiru ba ƙas, abin da ke da daɗi a majalisin tafsiri ko lokacin da ake karanta siga.

To, sai aibobi, kuma na farkonsu batir ne. Tun da faranti da allo ba sa hutawa matuƙar tana kunne, cin wutarta ya fi na tsohuwa nesa ba kusa ba. Bisa gwajin da ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan ta tsara, Nikon D850 mai madubi na ɗaukar hoto 1,840 da caji ɗaya, ita kuwa Z7, takwararta marar madubi, 330. Gaskiya ne a aikace akan wuce wannan adadi, na baya-bayan nan ma sun ɗan gyaru, amma ga wanda zai wuni a ƙauye wajen biki, ko yake zaune a unguwar da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, batir uku shi ne mafi ƙarancin abin da zai fita da shi, batirin jabu kuma ya cika kasuwa.

Babbar illa gare mu ita ce ƙura, kuma waɗanda suke yabon waɗannan kyamarori a ƙasashen Turai ba su san hunturu ba. A tsohuwar kyamara faranti na can ciki, bayan madubi da labulen da ke buɗewa ya rufe in an danna, kimanin milimita 44 daga bakin da ake ɗaura gilashi a ta Canon, 46 da rabi a ta Nikon. A sababbin kuwa tazarar ta koma 20 da 16, kuma a da yawa daga cikinsu, da zarar an kwance gilashi, ga farantin nan tsirara yana kallon sama. Mutum ya canja gilashi sau ɗaya a filin idi cikin hazo, ya koma gida ya tarar da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a wuri guda a cikin kowane hoto, musamman inda sararin samaniya ko farin bango ya fito. Wasu, irin su Canon EOS R, suna sauke labule in an kashe su, wannan kuwa sassauci ne ba magani ba. Ladabin abin shi ne a kashe ta kafin a kwance gilashi, a kifa bakinta ƙasa, a juya wa iska baya, in da hali ma a shiga mota ko ɗaki. In ƙura ta riga ta hau, a hura da ɗan famfon roba da aka yi domin haka. Kada a hura da baki, domin yawu ya fi ƙura ɓarna, kada kuma a kuskura a sa gefen riga ko auduga, domin ƙurar hunturu na ɗauke da yashi mai kaifi, kuma masu iya canja faranti ba su da yawa a nan, kayan gyaran ma daga waje ake jiransu.

Zafi ma haka. Yawancin kamfanonin sun rubuta cewa iyakar abin da suka lamunce digiri 40 ne, Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa suna ƙetare wannan a watan Afrilu. Canon R5 da ta fito a 2020 ta yi suna wajen tsayawa don zafi bayan kimanin minti 20 na bidiyo mafi ƙoli, kafin kamfanin ya sassauta matsalar da gyaran manhaja. Masu shirya fim da masu ɗaukar wa'azi mai tsawo su lura da wannan.

Shirun nan da aka yaba ma yana da sharaɗi. In kyamara na aiki shiru, layi-layi take karanta faranti daga sama zuwa ƙasa, ƙwayayen LED da suka cika zaurukan biki kuma ƙiftawa suke yi da saurin da ido bai gani, sai hoto ya fito da ratsi-ratsi a kwance, fanka mai juyawa ta lanƙwashe. Wutarmu na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka sanya gudun ɗauka a 1/50 ko 1/100 kan rage abin, amma a wutar janareto, wadda ba ta da tsayayyen hali, komawa ga labule shi ne mafi aminci. Manyan irin su Nikon Z9 da Sony A9 III sun kusa kawar da wannan aibi ko sun kawar da shi, da farashin da ba na kowa ba.

Sa'an nan kada a ruɗu da cewa ba ta da nauyi. Gangar jikin ce ta rame, gilashin da zai cika babban faranti kuwa dole ya zama babba, har akwai na Canon guda, 28-70 mai f/2, da ya kai giram 1,430 shi kaɗai. Gilashi nagari kan yi kuɗin kyamarar ko ya fi, kuma galibi na wannan kamfani ba ya hawa bakin na wancan, don haka wanda ya zaɓi kamfani ya ɗaure kansa shekaru. Sony ya bar Sigma da Tamron suna ƙera masu rangwame don kyamarorinsa, Canon kuwa ya daɗe yana tsuke wannan ƙofa. Wanda yake da tsofaffin gilasai yana iya ɗaura su da adafta, kuma yawancinsu suna aiki lafiya. A ƙara da katin ajiya mai sauri, da kwamfutar da za ta iya da hoton da guda ɗaya kan kai megabait 50. Wanda duk aikinsa hoton fasfo ne, ko hotunan da za su ƙare a WhatsApp inda ake matse su, sayen wannan a gare shi israfi ne; matsakaiciyar kyamara da gilashi mai kyau da fitila ɗaya sun ishe shi.

Mai sayen ta hannu, kuma su ne mafi yawa, ya san cewa ƙidayar dannawa da ake nuna masa ba cikakkiyar hujja ba ce, domin sa'o'in bidiyo ba sa shiga lissafin, a wasu ma har hotunan da aka ɗauka shiru. Ya duba ko tana da gurbin kati biyu, domin Z6 da Z7 na farko da EOS R ɗaya gare su, hoton ɗaurin aure kuwa amana ce da ba a maimaita ta in kati ya lalace. Kafin ya biya, ya tsuke gilashi zuwa f/16 ya ɗauki farin bango ya faɗaɗa hoton, ya ga abin da ke kan faranti, ƙura ce ko ƙarzuwa. Ya rufe bakin gilashi ya ɗauki duhu, ya nemi ɗigon ja ko kore da ba ya gushewa. Ya bar ta tana bidiyo rabin sa'a a nan cikin shagon, yana taɓa bayanta, ya ga ko za ta tsaya.