Jatan landen fatalwa: yadda masana ke gane halitta daga hannunta kaɗai

A bakin tekunan duniya akwai wani ƙaramin jatan lande da ba kasafai ake ganinsa ba, domin rayuwarsa duka a cikin rami take, ƙarƙashin yashi ko laka. Jikinsa fari ne fat, har ana hango cikinsa, shi ya sa ake ce masa jatan landen fatalwa. Masana kuwa suna kiran danginsa Callianassidae. Sun fi shekaru miliyon 100 a duniya.

Matsalar masu binciken halittun da suka zama dutse ita ce jikin wannan dabba taushi gare shi. In ya mutu sai ya ruɓe, ba abin da ke saura sai hannuwansa biyu masu kama da awartaki, waɗanda suke da ƙarfin ɓawo. Da su ake gane jinsinsa, da su kuma ake ƙiyasta girmansa.

Aikin ba sauƙi. Hannu ɗaya ya fi ɗayan girma nesa ba kusa ba, na namiji ya fi na mace, kuma siffarsa tana canzawa yayin da dabbar ke girma. Don haka jinsi guda kan samu sunaye biyu ko uku. Wani lokacin kuma akasin haka ake yi: shekaru da dama, duk awartakin da aka tono sai a jefa shi cikin rukunin Callianassa, sunan da William Leach na Ingila ya raɗa a 1814, har ya zama kwandon tara komai. A ƴan shekarun nan, masana irin su Matúš Hyžný da Adiël Klompmaker sun sake tantance tarin. Misali, rukunin Glypturus ana gane shi da ƙayoyin da ke saman tafin hannun.

Wajen girma, ana auna tafin hannun, a kwatanta da na danginsa masu rai, waɗanda yawancinsu ƴan santimita ne. Na gaɓar Kaliforniya a Amurka yakan kai wajen santimita 10. Sai dai manyan hannuwa sun fi jure zaman ƙasa, sun kuma fi saurin shiga ido, abin da kan sa a zaci dabbobin sun fi yadda suke girma.

Amfanin wannan wahala shi ne sanin tarihin teku. In suna ya gurɓace, lissafin jinsuna da taswirar yaɗuwarsu sun gurɓace ke nan. Ramukansu ma shaida ne: wasu suna daɓe bangon da ƴan curin laka kamar tubali, kuma in aka ga irin wannan rami a dutse, galibi alama ce ta ruwan teku marar zurfi. Da irin waɗannan shaidu ake karanta tarihin wurare kamar Adar, inda teku ya taɓa kwanciya, ya bar dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Malbaza.