Man Kaɗanya da Ganyen Darbejiya: Inda Haɗin Gida Yake Ɓaci

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙasar Zuru, kasuwar man shafawa ta buɗe ke nan. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, yara su yi furu-furu kamar an birkiɗa su a toka. A Rikoto da Dabai da ƙauyukan kewaye ba a tambayar maganin wannan. Man kaɗanya ne, wanda mata ke tsinto 'ya'yansa tun farkon damina, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da hannu har mai ya taso. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa waje na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Dama can matan aure da 'yan mata sun fara haɗa man da ganye, su zuba a 'yan robobi, su tallata a WhatsApp.

Sana'a ce ta rufin asiri, ba wanda zai kushe ta. Sai dai mai haɗawa da mai saye duk suna bukatar sanin inda abin yake lalacewa, domin a kan jikin mutum zai ƙare.

Ruwa ne babban abokin gabar man haɗi. Zallar mai yana iya wata da watanni lafiya lau, amma da an jefa masa ɗanyen ganyen darbejiya ko zogale, danshin ganyen ya shiga, funfuna da ƙwayoyin cuta sun sami wurin zama. Wani lokaci ido ba ya gani, sai an shafa a fasasshiyar ƙafa ta kumbura ta tara mugunya. Don haka a shanya ganye a inuwa har sai ya yi ƙarau, yana marmashewa a tafin hannu. Kada kuma a ɗora mai kai tsaye a kan wuta, ƙonewa yake yi. A zuba shi tare da busasshen ganyen a kwano, a sa kwanon cikin tukunyar ruwan zafi, wuta kaɗan-kaɗan, awa ɗaya zuwa biyu, sannan a tace da busasshen ƙyalle mai tsabta. In da man riɗi ko na kwakwa ake aiki, kashi ɗaya na kakin zuma ga kashi huɗu ko biyar na mai ya isa ya daskarar da shi. Man kaɗanya shi da kansa yake daskarewa, amma ɗan kakin yana hana shi narkewa a zafin Maris da Afrilu.

Ruwan lemun tsami da wasu ke matsawa a ciki ɓarna biyu yake yi: ya kawo danshi, kuma in rana ta bugi fatar da ya taɓa, yana iya ƙona ta ya bar baƙin tabo. Ɗanyar tafarnuwa ma tana sale fata. Farin ruwan tumfafiya kuwa, in ya shiga ido, ganin mutum ne ke cikin haɗari. Zama ganyen daji bai sa abu ya zama marar cutarwa ba.

Mu a nan manoma ne, shi ya sa dole a faɗi wannan. Ganyen da aka tsinko a gefen gonar da aka yi wa feshi yana ɗauke da maganin feshin, kuma robar maganin ciyawa ko na ƙwari ba ta wankuwa ta koma mazubin man shafawa, komai yawan omon da aka zuba mata.

Duk waɗannan kuskure ne na rashin sani. Wanda ya fi muni da gangan ake yin sa. Mai saye tana son ta yi haske kafin biki, ganye kuma ba ya wannan aikin, sai mai haɗi ta je kemis ta sayo man matsawa irin su Dermovate ko Funbact-A, ta matse a cikin man kaɗanya, ta ce “oganik” ne. Waɗannan magunguna ne na gaske da likita ke rubutawa don wata cuta, na ɗan lokaci, kuma suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. A makon farko fata takan yi sumul, ƙaiƙayi ya lafa, kowa ya yaba. In aka ɗore, sai ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsaga cinya da damtse, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Makero ma ɓuya yake yi a ƙarƙashinsa yana yaɗuwa, ranar da aka daina shafawa ya dawo da ƙarfinsa. Ga yara abin ya fi tsanani, don fatarsu tana tsotse sinadarin ya shiga jini, fuska ta cika, girma ya tsaya.

Wasu kuma da haidrokwinon suke haɗawa, wanda in an jima ana shafa shi yake barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Akwai ma man bilicin masu ɗauke da makyuri, sinadarin da ke lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa, kuma yana ratsawa ya kai ga ɗan da ke ciki. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. A 2025 BBC ta kawo rahoto daga Kano a kan wata uwa da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin waɗannan haɗe-haɗe, suka ƙare da ƙuna da tabo. Garin neman gira an rasa ido. Alamar ganewa ɗaya ce: man da ya sauya launin fata cikin mako ɗaya ko biyu, ba ganye kaɗai ke cikinsa ba, ko da mai sayarwa ta yi rantsuwa.

Ko man da aka haɗa shi tsakani da Allah yana da iyakarsa. Aikinsa tausasa fata da riƙe mata danshi. Sabuwar ƙuna ba ta son mai, ruwan sanyi mai tsabta take so na kamar minti 20, in ta yi faɗi sai asibiti. Cibiyar jariri ma haka: mai ko toka ko gari na iya kai mata ƙwayar cutar sandarewar jiki, wadda ke kashe jarirai a makonnin farko. Akwai maganin kulohesidin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa don cibiya, a kula kawai kada ya kusanci ido. Tabon da ya fi sauran jiki haske, wanda ba a jin taɓawa ko tsinin allura a kansa, yana iya zama farkon kuturta. Maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati, ana sha wata 6 ko 12 a warke, amma kowane watan da aka ɓata ana shafe-shafe, jijiyar yatsu ce ke mutuwa.

Kafin a shafa sabon haɗi a fuska ko jikin yaro, a ɗiga kaɗan a cikin damtse, a jira kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bar shi. Mai sayarwa kuma ta rubuta a jikin roba abin da ta zuba da ranar da ta haɗa, ta ajiye a inuwa da murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali ba jiƙaƙƙen yatsa ba. In sana'ar ta wuce maƙwabta ta shiga kasuwa, doka ta ce a yi mata rajista da NAFDAC.