Shin Dodo Ba Shi Da Ta Cewa Ne?

A ƙasashen Turai an daɗe da wata sabuwar al'ada ta marubuta, watau su ɗauki tsohuwar tatsuniya wadda kowane yaro ya sani, su juya ta, su ba mugun cikinta baki ya faɗi nasa, ko kuwa su fito da jini da zaluncin da aka lulluɓe. Wasu iyaye suna ganin wannan ɓarna ce. To, kafin a yanke hukunci ya kamata a duba yadda tatsuniyoyin suke tun asali.

A cikin shekarar 1812 ne waɗansu 'yan'uwa biyu Jamusawa, masu suna Grimm, suka fara buga tatsuniyoyin ƙasarsu. A bugun farko, matar da ta nemi kashe yarinyar nan Snow White saboda kishin kyau uwarta ce wadda ta haife ta. Sai a bugun 1819 suka mai da ita kishiyar uwa, don kada abin ya yi wa masu saye nauyi. Ƙarshenta kuwa, an sa mata takalman ƙarfe da aka gasa a wuta, ta yi ta rawa har ta mutu. Da kamfanin Disney na Amurka ya yi majigin labarin a 1937, sai ya share wannan ma.

Saboda haka lokacin da Angela Carter ta Ingila ta fitar da littafinta The Bloody Chamber a 1979, duhun da ke ciki ba baƙo ba ne. Abin da ta sake shi ne mai ƙarfi a labarin. A tsohuwar tatsuniyar attajirin da ke yanka matansa, 'yan'uwan amarya maza ne suke cetonta. A wurin Carter kuwa uwarta ce ta zo bisa doki ta harbe shi. Haka nan Helen Oyeyemi, wadda aka haifa a Nijeriya, ta sake saƙa Snow White a 2014, ta ba kishiyar uwa dama ta ba da labarin da bakinta.

Mu ma namu ba su rasa duhu ba. Wanda ya buɗe Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko tatsuniyoyi 100 da Tremearne ya fitar a 1913 bayan ya yi aiki a Jama'ar Daroro, can gindin tsaunukan Jos, zai tarar da yanka da cin mutum da makircin kishiyoyi ba a ɓoye ba. Ta-Kitse narkewa ta yi don kishiyoyi sun fitar da ita rana. Gizo kuwa maƙaryaci ne, maci amana, amma shi yara suke so. Littattafan makaranta ne suka riƙa tace waɗannan, suna ɗaura wa kowace tatsuniya darasi a wutsiya.

Juya labari ma ba mu aro shi ba. Alhaji Abubakar Imam, Allah ya ji ƙansa, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da su Grimm ɗin nan, ya sa musu riga da rawani a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Malam Sa'idu Ahmad Baɓura kuma ya nuna a littafinsa na 1997 cewa tatsuniya ɗaya takan sake kama daga bakin wannan mai bayarwa zuwa wancan. Kowace kaka tana ƙari tana ragi gwargwadon yaran da ke gabanta.

To, me za a juya a yau? A dubi tatsuniyar Ruwan Bagaja. 'Yar Bora ta yi ladabi ta komo da dukiya, 'yar Mowa ta yi rashin kunya ta komo da kutare da makafi suna biye da ita. Yaro makaho da ke zaune a dandali yana ji, me aka koya masa game da kansa? Kuma wa ya taɓa tambayar maigidan da ya fifita mace ɗaya a kan ɗaya, alhali shi ne tushen fitinar?

A dubi kuma ta budurwar da ta ƙi samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo, ashe Dodo ne. Darasinta shi ne a yi hattara da wanda ba a san asalinsa ba. A wuri irin Jos wannan magana tana da nauyi. Unguwar Jos Jarawa ta samo sunanta daga Jarawa, watau Afizere, waɗanda suke zaune tare da Anaguta da Birom da Hausawan da haƙar kuza ta kawo tun farkon ƙarni na 20, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da na wasan yara. Garin ya ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, rigimar kuwa ba ta rabu da batun ɗan ƙasa da baƙo ba. Yaran da suka tashi a lokacin sun ji ana kiran maƙwabci dodo. Marubucin da zai ba su tatsuniyar daga bakin Dodo, a ji yadda aka yi har ya sami wannan suna, ya yi aikin da wa'azi goma ba su yi ba.

Masu iyawa kuwa akwai su. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016 da labarin wata gwauruwa da rikicin Jos ya cinye mijinta. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, a Jos take da mazauni da makarantarta. Saura mai yi da Hausa.

Sharaɗi ɗaya ne: a fara ba yaro tatsuniyar yadda kaka ta bar ta, domin wanda bai san hanya ba ba ya gane an ratse. In ya girma, a ba shi juyayyar, ya auna da kansa. Allah ya sa mu dace.